Liti Mai Jakai da Daraktan Motar Gyaɗa

"To wai shi alkalin me ya ce a ƙarshe? Ni daga bakin ƙofa ban ji sosai ba," in ji Hammawa, yana neman takalmansa cikin na jama'a.

"Ai kai dama daga bakin ƙofa ka saba jin komai," Liti ya ce masa. "Cewa ya yi ba huruminsa ba ne. Wai motar ba tamu ba ce."

"To ta wa ce?"

"Ta kamfani."

"Kamfanin ba mu ba ne?"

"Haka na tambaye shi. Ya ce a dokar Turawa kamfani mutum ne mai zaman kansa, kuma ba a kotun alkali ake shari'arsa ba, sai a Kano. Na ce, Allah gafarta Malam, tunda mutum ne, a kirawo shi ya zo ya dafa Alƙur'ani. Ɗan wane ne? A wace unguwa yake kwana? Sai ɗan doka ya ce in fita."

Hammawa ya yi dariya, sannan ya waiga ya ga ko wani ya gan shi yana dariyar. Shi da Liti taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, don haka duk abin da Liti ya gaya masa sai ya haɗiye shi a matsayin wasa, ko da ba wasan ba ne.

Wannan magana an yi ta ne a ƙofar kotun alkali a Karaye, cikin kakar gyaɗa ta shekarar 1956, saura kwana goma wani attajiri ya zo daga Kano ya tafi da motar.

An haifi Liti a Tudun Kaya, a gidan masu jakai. Tun yana ƙarami yake bin ubansa kai gyaɗa Kano, kwana uku a ƙafa, su dawo da gishiri da kananzir. Da ya yi aure sai ya koma Rogo, inda gyaɗar ta fi yawa, ya yi ta tara jakai har suka kai goma sha huɗu. Gajere ne, mai kaurin ƙwauri, ba ya sa babbar riga sai ranar salla. Mutanen Rogo sun yarda da shi a kan kaya, ba a taɓa cewa buhu ya rage a hannunsa ba, amma ba sa son zama kusa da shi a wurin suna, saboda bakinsa. Yakan ce shi ya fi ganin mutuncin jaki a kan na yawancin mutanen da ya sani, domin jaki in ba ya son kaya a gabanka zai durƙusa, ba zai bari sai ka ba da baya sannan ya yi tsaki ba.

Da manyan motoci suka fara shigowa ƙasar Karaye, aikin kwana uku ya koma na yini guda, Liti bai tsaya zagin mota ba kamar sauran masu jakai. Shi ne ma ya fara bin 'yan kasuwar Rogo da na Karaye rumfa-rumfa, yana cewa a haɗa hannu a sayi mota. Mutum takwas suka yarda, da shi tara. Ya sayar da jakansa goma sha uku, ya bar wata tsohuwar jaka guda da ba wanda ya taya. Duk da haka kuɗin bai kai ba. Sai yayarsa Rekiya, wadda mijinta ya rasu tuntuni, take sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta bi gidajen mata masu sana'a irin tata, ta tattaro adashinsu na shekara. Mata goma sha tara ne suka cike giɓin.

A Kano aka ce musu ba za a ba su kwangilar ɗaukar gyaɗa ba sai sun yi rajistar kamfani. Wani lauya ya turo akawunsa har Rogo da takardu. Akawun ya dage sai an rubuta sunan duk wanda ya sa ko sisi, mace ko namiji. Mazan suka yi ta dariya, wai yau sunan mata ya shiga littafin Bature. Aka rubuta, aka manta.

An yi zaman ne a zauren Ɗanmaliki, domin nasa ya fi faɗi kuma yana da farar ƙasa. Ɗanmaliki ba sarauta ba ce a wurinsa, laƙabi ne da kakarsa ta sa masa yana goye, amma bai taɓa gyara wa baƙo ba in ya ɗauka sarauta ce. Ƙanen wani dagaci ne, kuma wannan ita ce sana'arsa. A cikin su tara, nasa hannun jarin ne mafi ƙanƙanta.

Da akawu ya ɗaga alƙalami ya ce, "Wa za a rubuta darakta?" sai kowa ya sunkuyar da kai. Mutanen wurin sun ɗauki abin kamar shiga gaba a salla, ko fara sa hannu a akushi, abin da mai tarbiyya ba ya miƙa wuya ya karɓa. Wannan ya ce, "Ina ni ina shiga gaba, ga manya." Wancan ya ce, "A'a wallahi, sai dai wane." Liti ma, da duk bakinsa, da aka nuna shi cewa ya yi, "Ku rufa mini asiri, ni mai jakai ne." Abin ya yi ta zagayawa har ya faɗa kan mai zaure, tunda shi ne ya shimfiɗa tabarma ya raba goro, kuma ƙanen dagaci ne. Ɗanmaliki ya ƙi sau biyu, kamar yadda aka saba. Bai bari an kai ga na uku ba. Akawu ya rubuta sunansa, ya miƙa masa hatimin kamfani.

Su a ganinsu sun ba shi wurin zama mai kyau ne a taro. Ba su san sun ba shi mota ba.

Cikin mako guda Ɗanmaliki ya sa baduku ya ɗinka wa hatimin jaka ja, ya rataye a wuya. Ya sa aka rubuta sunansa da fenti a ƙofar mota. Ba wanda ke zama a gaba kusa da Audu direba sai shi, in kuwa ba ya cikin tafiyar, haka za a bar wurin babu kowa. Mota ta kai shi gaisuwar mutuwa Gwarzo, ta kai shi ɗaurin aure Kiru, ta kai shi Kano ya gaida wanda bai san shi ba, buhunan gyaɗa suna jibge a Rogo gara tana cin gindinsu. In an yi magana sai ya shafa jakar wuyansa ya ce harkar kamfani ce. A ƙarshe ya yanke shawara shi kaɗai cewa babbar mota mai bodin katako ba ta dace da darakta ba. Zai sayar da ita, ya sayo wa kamfani ƙaramar mota irin ta Joji, Baturen mulki. Ƙaramar mota kuwa ko buhu biyu ba za ta ɗauka ba. Wannan ne ya sa Liti ya kai ƙara wurin alkali.

A bayan idonsa ba irin sunan da 'yan kamfani ba su kira shi da shi ba. A gabansa kuwa, "Ranka ya daɗe, Darakta, an tashi lafiya?"

Da suka baro kotu, Liti bai nufi tasha ba. Ya ja Hammawa zuwa gindin ɗorawar da ke kusa da ofishin En'e, wato hukumar gargajiya, inda Malam Hadi yake rubuta wa mutane wasiƙa. Malam Hadi ya taɓa koyarwa a elemantare, yana jin Turanci daidai gwargwado, kuma ba ya ƙara gishiri a abin da ya karanta.

"Ba a ba ku kwafin takardar kamfanin ba?" ya tambaye su.

Hammawa ya ce an ba shi, amma yana jin iyali sun ƙunshe daddawa da ita. Liti ya tura hannu cikin taguwa ya ciro wata laya mai faɗi. Tun ranar da aka ba shi takardar ya kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata, don kada ta ɓata. Shekara biyu yana yawo da ita a ƙirji bai san abin da ke ciki ba.

Malam Hadi ya farke ɗinkin da reza, ya daɗe yana karantawa yana bin layi da yatsa.

"Alkali ya gaya maka gaskiya," ya ce. "Darakta yana da ikon sayarwa. Amma ku ma kuna da ikon tuɓe shi. Ku kira taro, ku ba kowa sanarwar kwana bakwai. A taron a ce wanda ya yarda a tuɓe shi ya ɗaga hannu."

"A gabansa?" in ji Hammawa.

"A gabansa."

Hammawa ya ce, "Ai ba komai. Ni ne ma zan fara ɗagawa."

Liti ya dube shi tun daga hula har takalmi. Ya juya ga Malam Hadi. "Malam, ci gaba da karatu. In hannuwan sun yi nauyi fa?"

"To akwai wata. Kowane ɗaya daga cikinku yana iya cewa bai yarda da ƙirgen hannu ba, a auna da yawan jarin kowa. Kuma wanda ba zai iya zuwa ba yana iya dangwala yatsa a takarda ya naɗa wakili daga cikinku."

"Kowa da kowa? Har wanda ba a taɓa kira taro ba?"

"Duk wanda sunansa ke cikin rajista."

Liti ya biya shi ladan karatu, ya ce ya rubuta sanarwar taro, ya kuma rubuta takardar wakilci guda goma sha tara.

Kwana biyu Liti ya yi yana bin mazan. Kowanne ya rantse. Wani ya ce hannu biyu zai ɗaga. Wani ya ce shi ba ɗaga hannu kaɗai ba, sai ya gaya wa Ɗanmaliki maganar da zai kwana uku bai ci tuwo ba. Liti ya yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, da irin godiyar da ake yi wa yaro in ya ce zai kamo maka kura.

Ya sami Rekiya da hantsi a tsakar gidanta, tana matsar tunkuza a turmi, mai yana tsatsafowa.

"Sannu da aiki, Yaya."

"Yawwa, mai kamfani. Yau kuma hanya ta biyo da kai? Ko an zo karɓar wani adashin ne?"

Ya tsuguna ya kwashe labari ya gaya mata. Ba ta daina aikinta ba.

"Ku tara," ta ce, "da gemunanku, kuka ɗauki motar da muka soya hannuwanmu a kanta, kuka ba mutumin da ko akuya bai taɓa kiwo ba, don ya ba ku goro."

"Haka aka yi, Yaya."

"Har da kai."

"Har da ni."

"Shekara biyu ko garwar mai ɗaya motar nan ba ta taɓa kai mana Kano ba. Na aika an tambaya, aka ce mai zai ɓata wa Darakta riga." Ta goge hannu a zane. "Su mazan me suka ce?"

"Sun rantse za su ɗaga hannu."

"To ka shirya ɗagawa kai kaɗai. Kawo takardun. Mu ba mu taɓa zama a zaurensa ba, balle mu ji nauyin fuskarsa. Amma ka ji sharaɗina, duk tafiyar da motar nan za ta yi, garwaninmu ne za su fara hawa."

Ita ta bi gidajen da kanta, da takardu a cikin ƙwarya da kwalbar tawadar Malam Hadi. Dangwalen farko da aka yi bai fito ba, domin yatsun matan duk mai ne, tawada ta ƙi kamawa. Sai da kowace ta dirje babban yatsanta da toka sannan aka samu.

Ranar taro, Ɗanmaliki ya sa aka share zaure aka yayyafa ruwa. Ya kawo fura mai nono, ya kawo goro fari. Ya zauna a kan buzu cikin riga mai aiki, jakar hatimi a ƙirji. Duk wanda ya shigo sai ya tambaye shi iyali da suna, ya tuna masa da alheri: wannan shi ya yi masa magana wurin dagaci a kan iyakar gona, wancan shi ya karɓa wa ɗansa aure. Bai ambaci mota ba ko sau ɗaya. Kafin a gama shan fura, mutanen da suka yi rantsuwa duk sun koma kallon tabarma.

Malam Hadi, wanda aka ɗauko daga Karaye don ya riƙe takarda, ya karanta abin da ya tara su. Sannan ya ce wanda ya yarda a tuɓe darakta ya ɗaga hannu.

Liti ya ɗaga. Mai hannu biyu ya tura duka biyun cikin riga. Mai maganar hana cin tuwo ya kama tari. Hammawa kuwa nan take ya gano wata ƙaya a tafin ƙafarsa, ya duƙufa a kanta.

"Mutum ɗaya," in ji Malam Hadi.

Ɗanmaliki ya yi murmushi. "Liti, Liti. Ai ba a haka. Da ka zo ka same ni a matsayin ƙane, da na duba maka. Amma ba komai, na yafe. Jama'a, a yi fatiha."

"A dakata da fatiha, ranka ya daɗe," Liti ya ce, hannunsa yana sama har yanzu. "Ban yarda da ƙirgen hannu ba. A auna da jari."

"A auna mana. Naka nawa ne a cikin namu?"

Liti ya sauke hannu, ya ciro takardu daga taguwa ya ajiye gaban Malam Hadi. Malam Hadi ya shiga kiran sunaye yana dubawa da rajista: Rekiya, Lantana, Barira, haka har ya zo kan Ma'u. Hammawa ya saki ƙafarsa.

"Wace Ma'u?"

"Ta gidanka," in ji Liti. "Ta ce a gaishe ka, kuma ka taho da gishiri."

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Malam Hadi ya gama haɗawa ya ce jarin matan goma sha tara da na wakilinsu Liti ya haura rabi, don haka bisa takardar kamfani an tuɓe darakta, kuma ba shi da ikon sa hatimi a kan cinikin mota.

Ɗanmaliki ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, yana jiran wanda zai yi magana. Amma waɗanda ba su iya ɗaga hannu a kansa ba, ba su iya buɗe baki dominsa ba.

"Masu ƙuli-ƙuli," ya ce. "Masu ƙuli-ƙuli ne za su tuɓe ni a zaurena? Sai na kai maganar nan Kano."

"Kana iya kaiwa, ranka ya daɗe," Malam Hadi ya ce a hankali. "Sai dai can ma wannan takardar za su karanta."

Ɗanmaliki ya cire jakar daga wuya, igiyar ta maƙale a hularsa har ta karkace. Bai miƙa wa kowa ba, a kan tabarma ya yar da ita.

Malam Hadi ya gyara alƙalami. "To kamfani ba ya zama babu darakta. Wa za a rubuta?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Can wani ya ce, "Ai ga Hammawa, shi ne babba." Hammawa ya ce, "Ina ni ina shiga gaba," yana gyara zaman hularsa. Wani kuma ya yi gyaran murya ya ce shi a ganinsa, don a wanke zukata, kuma tunda a zauren mutane ake, me zai hana a ba babban ɗan Ɗanmaliki. Kawuna suka fara gyaɗawa.

Liti ya dube su. Jakai goma sha uku ya sayar, kowanne ya san sunansa da halinsa, don ya zauna cikin waɗannan mutane.

"Malam, rubuta Liti."

A ƙasar nan ba a taɓa jin mutum ya ambaci kansa da bakinsa ba. Wani dattijo ya ce ƙasa-ƙasa, "Ba kunya."

"Babu," in ji Liti. "Wadda nake da ita na kashe ta a nan zauren shekara biyu da suka wuce, kun ga abin da ta sayo mana. In akwai mai ja, a sake aunawa, takardun matan ba su tafi ko'ina ba."

Ba wanda ya ja. Malam Hadi ya rubuta.

Liti ya ɗauki hatimin, ya zare shi daga jar jakar, ya bar jakar a inda take. Ya jefa shi aljihu tare da goro da ashana. Hammawa ya biyo shi waje da sauri, yana cewa wallahi saura kaɗan ya ɗaga, ƙayar ce ta zo a mugun lokaci.

"Na gani," Liti ya ce. "Ka je Ma'u ta cire maka."

Motar tana tsaye a inuwar gidan, sunan Ɗanmaliki a ƙofarta, Audu direba yana gyangyaɗi a ƙarƙashinta. Liti ya taɓa shi da ƙafa.

"Tashi ka zuba mata ruwa. Gyaɗa tana jiranmu a kasuwa, amma gidan Yaya za mu fara biyawa, akwai garwani. Kawo ta ta bakin masallaci, ni bari in je in nemo masu lodi."

Ya saɓa taguwarsa ya bi lungun da ke fita kasuwa, da irin tafiyar nan tasa ta mai bin jakai.